Kunyar 'Yar Fari

Ƙarshen sanyi ne, lokacin da rana take fara daɗewa a sama amma iska ba ta daina cizo ba. Itatuwan filin Peckham Rye sun fara fure, masu kanti a Rye Lane sun fara fito da doya da ayabar suya bakin ƙofa, mu kuwa a flat ɗinmu na council, wato gidan hayar ƙaramar hukuma, bangon ɗakin kwananku bai daina tsattsafo da damshi ba, kullum da safe sai na bi shi da tsumma. Shekarar ta zo mini da nauyi, amma ba nauyin ciwo ba, ba kuma na rashi ba. Alheri ne ya taso mana ta ko'ina a lokaci guda, muka rasa ta inda za mu kama shi. Kun taso kuna jin ana cewa ni da Hajiya Binta mun ɓata ne a kan albashi, har na taɓa jin Hadiza tana faɗa wa mijinta haka. To, ba haka ba ne. Hajiya ba ta taɓa riƙe mini ko kwabo ba, Allah ya jiƙanta. Maganar karatun Yayarku ce ta raba mu, kuma tun idona yana gani, hannuna yana iya riƙe biro, gara ku ji ta daga wurina.

Ku biyu, Hadiza da Nura, a nan aka haife ku. Yayarku kuwa da ƙafarta ta shigo ƙasar nan, tana riƙe da gefen mayafina, ba ta jin ko kalma ɗaya ta Turanci. Babanku ya riga mu zuwa, ya zo karatu da tallafin da ake aiko masa daga gida. Tafiya ta fara nisa sai kuɗin ya fara zuwa a makare, daga baya ya daina zuwa gaba ɗaya, kuma ba wanda ya ce masa ga dalili. Ya tattara littattafansa a kwali ya ɗora saman kabad, ya kama tuƙin motar haya, wadda suke kira minicab. Ni kuma na samu aikin girki a gidan Hajiya Binta, can wajen Edgware Road. Mijinta Alhaji ɗan kasuwa ne, yana Kano yana Landan, ita kuma ta zauna a nan saboda karatun ƙananan 'ya'yanta. A gidan nan muke Sallah, daga can rigunanku na sanyi suke fitowa, kuma lauyan Alhaji ne yake bin maganar takardun zamanmu ba tare da mun biya ba. Takardun nan su ne matsalar. Ba su gama daidaita ba har Yayarku ta zo ƙarshen sakandare, saboda haka jami'o'in ƙasar nan suka ce ita baƙuwa ce, kuɗin baƙi za ta biya. Akwai wata a Aldwych da ta ba ta gurbi da murna, amma da Babanku ya ga kuɗin sai ya yi dariya kawai ya ɗauki makullin motarsa.

Sai na tsaya na yi muku bayanin wani abu, don ku ba ku tashi a cikinsa ba. A Malumfashi inda na girma, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa. In aka yaba shi a gabanta, sai ta kushe shi. Kowa ya san ba gaskiyar zuciyarta ke nan ba, kunya ce, kuma kariya ce daga bakin mutane. Ni 'yar fari ce a wurin Innata. Har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba, “ke” ce kawai, kuma ko sau ɗaya ban yi shakkar tana sona ba, domin ina ganin yadda ake yi a kowane gida na unguwarmu. Kishiyoyin uwa babu a gidanmu, amma akwai gwaggo, akwai kaka, akwai maƙwabta, su ne suke faɗa wa yaro abin da uwarsa ba za ta faɗa ba. Yayarku kuma abin ya haɗu mata biyu: ga ta 'yar fari, ga shi sunan mahaifiyar Babanku aka sa mata. Shi yana ce mata Ummi, ku kuna cewa Yaya, ni kuwa “ke” nake cewa, ko “wannan”. Kun ga ko a takardar nan ban rubuta sunanta ba. Abin da ban lura da shi ba shi ne, na ɗauko al'adar na kawo ta Peckham, amma ban ɗauko gwaggo da kaka ba. Na baro masu fassara ta a gida.

Wata malamarta, Misis Hale, ita ta ce tunda ƙofar nan ta rufe a gwada Amurka. Ta ce a can kowace jiha tana da jami'arta ta gwamnati, kuma suna farautar yara masu kai daga waje. Yayarku ta zauna wata jarrabawa tasu, ta yi ta cike-cike, ni dai ina ganin fitilar kicin a kunne ban san me ake ciki ba. Da sanyi ya fara sauƙi sai amsa ta zo daga wurare biyu. Ranar wata Asabar da hantsi, ina yankan kuɓewa, ta buɗe taswira a kan teburin kicin, ta danne gefenta da gwangwanin madara.

“Baba, ka ga nan? Wannan jihar a kudu take, zafi kamar gida. 'Yan jihar kaɗan suke biya, wanda ya zo daga waje ninka masa ake yi. Amma ni sun ce saboda makina sun yafe duka, har ɗakin kwana da abinci.”

“Haka kawai?” in ji Babanku. “Bature ya ba ka abu haka kawai?”

“Ba haka kawai ba. Kowane zango sai makina ya tsaya sama da wani layi. In ya faɗo, za su yi mini warning sau ɗaya. In ya sake faɗowa, shi ke nan, an yi cancel, an janye tallafin.”

“To. Ɗayar fa?”

“Ɗayar tana can arewa, ƙanƙara har gwiwa. Ta fi suna nesa ba kusa ba, kuma ba su sa wannan sharaɗin mai tsanani ba. Sai dai rabi suka yafe. Sauran rabin mu za mu nemo.”

“A ina? A ƙarƙashin kujerar motata, inda fasinja ke yar da canji?”

Ta yi dariya, amma na ga yatsanta ya daɗe a kan jihar ta arewa. Can zuciyarta take. Ta yi mana bayanin ɗakunan gwajinsu, da yadda mai takardarsu ba ya neman aiki, aiki ne yake nemansa. Babanku ya ce ko zai ƙara awoyin tuƙi, ni ma na ce zan iya kama sharar ofis da asuba kafin na wuce gidan Hajiya. Ta dube mu ta girgiza kai, ta ce ko mun yi haka ba zai kai ba, kuma ba za ta je ta zauna a aji tana tunanin bayan Baba ba. Da kanta ta ɗage yatsan ta mayar kudu. Daga nan aka shiga auna ta kudun. Ni abin da na iya tambaya shi ne ko akwai masallaci, ko ana samun naman yanka, da wanda zai ba ta ruwa in zazzaɓi ya kama ta. Aka dace wani tsohon abokin karatun Babanku, mutumin Zariya, yana garin da iyalinsa. Wannan ya kwantar da hankalina. Bai kwantar da na Babanku ba.

“Ummi, ni na ga yadda tallafi yake yankewa,” ya ce. “Ba ya sallama. Wata rana kawai za ki je ki tarar babu. Kuma ki sani, da takardun nan namu, in kin fita ƙasar nan shigowa ba a hannunki take ba. In suka yanke miki a can, ba ki nan ba ki can.”

Ta naɗe taswirar, na ci gaba da kuɓewata.

Bayan 'yan kwanaki Misis Hale ta ce tana son ganin iyaye. Babanku yana kan hanyar filin jirgin Heathrow da fasinja, sai ni. Kun san ni karatuna na yaƙi da jahilci ne, a zauren mai unguwa na koyi haɗa baƙi bayan na yi aure, Turancin kuma ajin yamma na council ne ya ɗan buɗe mini kunne. Ina ji in an yi a hankali, amma mayarwa sai harshena ya yi nauyi. Na sa atamfata mai kyau, na ɗora rigar sanyi a kai, muka tafi. Ofishin ƙarami ne, littattafai har ƙasa. Matar ta tashi ta ba ni hannu, ta haɗa mini shayi da kanta, ta yi ta magana a kan Yayarku fuskarta tana haske. Na tsinci kaɗan: wai tun da take koyarwa ba ta cika ganin irinta ba. Ni kuwa ina ta sunkuyar da kai ina cewa a zuciyata, tubarkalla, tubarkalla, Allah ka tsare mini ita daga baki. Can sai ta juyo ta dube ni sosai ta yi wata tambaya mai tsawo. Na dubi Yayarku.

“Cewa ta yi, ke kika fi kowa sanina. Wai sharaɗin makin nan ba wasa ba ne, yara masu ƙoƙari da yawa suna zuwa su kasa. Tana tambaya, a ganinki zan iya riƙe shi har na gama, ni kaɗai a can?”

Wallahi ban yi tunani ba. Bakina ne ya yi abin da ya saba, abin da bakin Innata ya saba. Na yi murmushi na ce:

“Ki ce mata, wannan ai ba ta da wani kai na a zo a gani. Wasa ya yi mata yawa. Ƙoƙarin malamai ne kawai, da sa'a.”

Da a gida ne, matar da ke gabana dariya za ta yi ta ce, “A'a, 'yar fari ce ke nan,” a wuce wurin, yarinyar ma ta fita tana jin daɗi. A nan kuwa ba wanda ya yi dariya. Yayarku ta ɗan jima tana kallon kofin shayina, sannan ta juya ta faɗa wa malamarta da Turancinta mai tsabta, a hankali, ba ta rage ko ɗaya ba. Na ji kalmar “lucky”, wato mai sa'a, ta fito. Fuskar Misis Hale ta yi ja har wuya. Ta dubi yarinyar, ta dube ni, ta gyara takardun gabanta waɗanda ba su buƙatar gyara. Na san wani abu ya ɓaci, kuma kunya ta rufe ni, amma sai na ɗora ta a inda ba nan take ba. Na ɗauka atamfata ce, ko warin daddawa ne ya biyo rigata, ko don na zo a matsayin uwa ina jira 'yata ta ara mini baki. A bas ɗin dawowa Yayarku ta zauna jikin taga ta juya mini ƙeya. Na ce a raina gajiya ce.

Babbar Sallah ta faɗo a tsakiyar wannan. Kamar kullum muka tafi gidan Hajiya, ni ina kicin tun safe ina suyar naman da aka kawo daga mahauci, Yayarku tana kai faranti falo. Falon cike da mata, turaren wuta har matakala. Akwai aminiyar Hajiya da ta zo daga Kano ganin likita ta sauka a gidan, Hajiya Turai, mace mai baki, in ta buɗe shi kowa sai ya gyara zama. Ashe Babanku ya taɓa wa Alhaji maganar, Alhaji ya kai wa matarsa. Sai aka aiko a kira ni. Na goge hannu na zo na durƙusa bakin kafet.

“Asabe,” in ji Hajiya Binta, “me nake ji? Wai Amurka za ku tura yarinyar nan?”

“Hajiya, magana ce dai ake yi.”

“'Ya mace, ita kaɗai, ƙasar da kowa ke yawo da bindiga?” in ji Hajiya Turai. “Ku kam kuna da ƙarfin hali. Ni ko jikana namiji ba na ba su.”

“Ki bari kawai,” in ji Hajiya Binta. “Ba ga jami'a nan Aldwych ta ba ta wuri ba? Na yi magana da Alhaji, zai biya. Ta dawo nan gidan, ga ɗaki a sama babu kowa. Ta riƙa kai mini yarana su Walida makaranta da safe, in sun dawo ta duba musu homework. Kin ga ta huta, kin huta, ni ma na huta da malamin lesin nan mai cin kuɗi. 'Yata ce ai.”

Mata suka ɗauki kabbara da sa albarka. Ni kuma na ƙara dusar da kai, na yi godiya, na yi addu'a, hawaye har ya zo mini, don kyauta ce babba kuma da zuciya ɗaya ta yi ta. Da na tsaya a nan da sauƙi. Amma ido ya yi yawa a kan yarinyar, kowa yana “Masha Allah, ga kyau ga ilimi”, sai bakina ya sake yin nasa.

“Ai kin rufa mana asiri, Hajiya. Dama wannan in ta je can babu mai tsawata mata, wa ya san abin da za ta kwaso. Ba wani kai gare ta ba.”

Suka yi dariya, domin su sun gane. Hajiya Turai har da cewa, “Ji ta, kamar ba ita ta haife ta ba.” Yayarku tana tsaye a bayana da tire a hannu. Na ji ƙarar kofuna suna taɓa juna, sannan na ji ta juya ta koma kicin.

Lokacin ba wa mutanen Amurka amsa ya matso. Ranar Lahadi bayan la'asar, ina wanke-wanke, na ba su baya, Babanku ya zaunar da ita a teburin nan dai.

“To Ummi, me kika yanke?”

“Na Hajiya zan karɓa.”

Na ji ya sauke numfashi, don shi dama can ya fi karkata. Amma Babanku mutum ne mai son ya ji ƙasan magana.

“Har zuciyarki?”

“Baba, kai ka ce in suka yanke mini ba ni nan ba ni can. Gaskiya ka faɗa. Abin duk a kan makina ya rataya. Misis Hale ta ce zan iya, amma ita a aji kawai take ganina. Wadda ta haife ni ta ce ba ni da kai. Ni na fassara da bakina. Ta sake faɗa a gaban mutane ranar Sallah.” Muryarta ba ta rawa, ba kuma fushi a ciki, wannan ne ya fi ci mini rai. Ta ƙarasa da Turanci, a hankali yadda zan ji: “She would know.” Wato ai ni zan fi kowa sani.

Ruwan famfo yana zuba a kan hannuna, tukunya ɗaya nake ta cuɗawa wadda ta riga ta fita. Ina so na juya, wuyana ya ƙi. Ina so na ce, ke, ba haka ake nufi ba, amma faɗin haka ma yabo ne, kuma a fuskarta. Na tsaya a haka har ta tashi ta shiga ɗaki. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Da can kunyar da na sani ado ce, abin da ake yaba mace da shi. Wannan kuwa irin wadda mutum yake ji ne in ya waiga ya ga ashe tun ɗazu a kan ƙafar yaro yake tsaye.

Da magariba ta yi, Babanku yana ɗaura takalmi zai fita aiki, ya ce ba tare da ya ɗago ba:

“Kin ji ko?”

“Na ji.”

“Ni na fi son ta zauna, kin sani. In tsorona ne ya zaunar da ita, zan iya ɗauka, tsoron uba ne. Amma ta zauna don ta yarda ba ta da kai? Wannan zai bi ta har Aldwych ɗin, har gidan mijinta.”

“To kai ka faɗa mata mana, Malam. Ka ce al'ada ce.”

“Na faɗa tun ranar Sallah. Ta ce ni ko ruwa ta dafa cewa nake ya yi daɗi. Naki take jira.”

“Da wane bakin?”

“Da wanda kika faɗi wancan,” ya ce, ya ɗauki makulli ya fita.

Na zauna a kan sallaya bayan na idar, na yi awon da ban yi ba tun farko, don da na bar wa masu ilimi. Na ga abu uku ne a gabana, kowanne da inda ya rataya. Tallafin Babanku a wani ofis mai nisa ya rataya, a hannun mutanen da ba su san fuskarsa ba, shi ya sa ya tsinke. Na Hajiya a kasuwar Alhaji ya rataya, da kuma farin cikin Hajiya. Kasuwa tana hawa tana sauka. Kuma ni mai girkin gidan ce, na san yadda gidan yake cin lokacin mutum ba da mugunta ba: yau baƙi sun sauka a je Heathrow, gobe a raka Hajiya asibiti a yi mata tafinta, jibi Walida ba ta da lafiya. Na ga 'yan uwan Hajiya biyu da aka kawo da sunan karatu, duk yaran kirki, ba wadda ta gama. Na Amurka kuwa a abu ɗaya ya rataya, kan yarinyar nan. Shi kuma na san shi fiye da yadda na san kasuwar Alhaji. Ni na ga yarinyar da ta shigo ƙasa ba ta jin komai, kafin sanyi ya zagayo tana yi wa maƙwabta tafinta a wurin likita. Ni na kama ta a kan kujera tana sauko da littattafan Babanku daga saman kabad, tana karanta abin da shi ya bari. Ni ce take zama da ni bayan ajin yamma tana nuna mini inda malamin ya bi ta hanya mai wuya, ta sake bi da ni ta mai sauƙi. Na san amsar tambayar Misis Hale tun kafin ta yi ta.

Sai dai sanin bai rage mini komai ba, don kunya biyu ce ke jirana. Ta farko, na mayar da kyautar da na riga na durƙusa na yi godiyarta a gaban mata, kyautar matar da ke ciyar da mu, wadda lauyan mijinta ke riƙe da takardunmu. Ta biyu, na yabi 'yar farina da bakina. Na gwada a raina na shiga ɗakinku na zauna bakin gadonta na faɗa mata, na ga ba zan iya ba, ko na shiga shiru zan yi na fito. Kuma na ga ko na iya, ba zai isa ba. A gaban mutane na kushe ta har sau biyu. Abin da aka faɗa a falo, raɗa a ɗaki ba ta goge shi. Na kuma san in ta tafi za mu daɗe ba mu ga juna ba, kuma kun san shekarun da aka yi, kun san Sallolin da muka yi da muryarta kawai a waya.

Washegari makarantu suna hutu. Na shirya kamar kullum, na leƙa ɗakinku na ce, “Ke, tashi ki riƙe mini jakar nan, ki raka ni wurin aiki.” Ta ɗauka zuwa za mu yi ta yi wa Hajiya godiya, ta sa mayafinta ta biyo ni. A bas ina ta jan carbi a cikin aljihun riga. Muka tarar da Hajiya da Hajiya Turai a falo suna karyawa. Na durƙusa inda na durƙusa ranar Sallah, Yayarku ta durƙusa a bayana. Aka gaisa, aka tambayi gajiyar Sallah. Sai na kafa idona a kan zanen kafet na fara, muryata kamar ta wata.

“Hajiya, na zo ne na ba ki haƙuri. Abin da kika yi mana, uwa ce kawai take yin sa, Allah ya saka miki. Amma yarinyar nan Amurka za ta.”

Cokalin Hajiya ya tsaya a cikin kofi.

“Asabe, ba ke kika ce in ta je can ba ta iya riƙe kanta ba?”

“Ni na ce, Hajiya. Kin san irin faɗar. Gaskiyar ita ce, tun da nake ban taɓa ganin mai kai irin nata ba, a gida ko a nan. Ba ta da wasa. Ba sa'a ba ce, ni na ga yadda take yi. Layin da suka ja mata, ko sun ɗaga shi sama za ta tsallake. Mutanen can ba taimakonta za su yi ba, su suka yi dace.”

“La'ilaha illallahu!” in ji Hajiya Turai, ta dafe ƙirji. “Asabe, 'yar farin taki kike wa kirari haka, tana zaune? Lallai Landan ta gama da ke.”

Fuskata kamar an watsa mata ruwan zafi. Ban ɗago ba. Hajiya Binta ta ture kofinta gefe. Ita ma kunyar na ba ta, a gaban aminiyarta, bayan ta riga ta faɗa wa duk wanda ya zo Sallah. Da ta yi magana, a hankali ta yi, ba faɗa.

“To. Allah ya ba da sa'a. Ki je gida ki huta, Asabe, na ga kin gaji. In na buƙace ki zan sa a yi miki waya.”

Ni da ita duk mun san me ke nan. Na yi godiya, na tashi. Na shiga kicin na ɗauki silifas ɗina na aiki, da muciyata da na zo da ita daga gida don tasu ba ta tuƙa tuwo da kyau. Yayarku ta biyo ni ta buɗe mini jakar, na zuba. Ban dubi fuskarta ba, hannunta kawai na gani, ya riƙe bakin jakar gam. Muka fito. Muna cikin saukowa sai na ji muryarta a bayana, ƙasa-ƙasa.

“Umma...”

“Ke, kula da matakala,” na ce, “an goge ta, tana da santsi.”